Daga ɗinkin ƙwadago zuwa hular kanki: jagora ga mata masu ɗinkin hula

Hular hannu takan bi ta hannun mutum biyar ko shida kafin ta hau kan mai ita. Akwai wanda ya sayo yadi da zare, akwai mai zane, akwai mai ɗinki, akwai mai haɗa kan hular da jikinta, akwai mai wanki, sannan mai shago ko mai yawo da ita a kasuwa. A cikinsu duka babu wanda hular ke daɗewa a hannunsa kamar mai ɗinki, kuma yawanci mace ce a cikin gida, a Maiduguri, a lungunan birnin Kano, a cikin Zariya ko a ƙauyukan Jigawa. Mai zane a zama ɗaya yake gama nasa. Mai wanki yini guda ya ishe shi. Ita kuwa sai ta kwashe mako biyu ko uku, wani lokaci wata guda cur, tana ɗinki tsakanin girki da raino. Amma in aka zo rabon kuɗi, nata kason ba ya kama ƙafar na mai shago.

Dalilin a fili yake: hular ba tata ba ce. Kawo mata aka yi da zanenta da zarenta, ta ɗinke, a ba ta kuɗin aiki. Masu hannu kuma sun yi yawa. Tun da rikicin Boko Haram ya tarwatsa Bama a 2014, mutanen garin da dama suka koma Maiduguri da sana'arsu, ɗinkin hula ya zama abin da ke riƙe da gidaje har a sansanonin 'yan gudun hijira. Ga kuma hular inji mai araha da ake shigowa da ita daga waje. Inda masu neman aiki suka yi yawa, mai ba da aikin ne ke yanke farashi.

Wannan jagora ta wadda ta riga ta iya riƙe allura ce, take son ta daina sayar da wahalarta kawai, ta fara sayar da hula.

Mataki na farko: kada ki saki ƙwadagon tukuna

Ƙwadagon da kike yi shi ne makarantarki, kuma shi zai ba ki jarin farko. Ki ci gaba da karɓa, sai dai yanzu da buɗaɗɗen ido. Ki san wa ke yi wa mai ba ki aiki zane da nawa ake biyansa, wa ke haɗawa, wa ke wankewa. Ki tura ƙaninki ko ɗanki Kasuwar Kurmi, ko Monday Market in a Maiduguri kike, ya taya irin hular da kika saba ɗinkawa kamar mai son saye, ya dawo ya gaya miki kuɗin da aka fara faɗa da inda aka tsaya. Tazarar da ke tsakanin wannan kuɗi da abin da ake ba ki, ita kike shirin shiga.

Daga kuɗin kowace hula ki ware wani abu, ko da kashi ɗaya cikin biyar ne. In kina adashi, ki ƙudurta cewa kwasarki ta gaba ta hula ce, ba ta anko ba.

Mataki na biyu: zaɓi iri ɗaya

Sunayen huluna suna da yawa, Zanna Bukar, kube, damanga, bangwal, tangaran, minista da sauransu, kuma kowace shekara sai an fito da sabon yayi. Kada ki ce duk za ki taɓa. Ki tsaya a kan wadda hannunki ya fi faɗawa, wadda kike gamawa ba tare da warwara ba. Ga mai farawa, gara hula mai matsakaicin aiki da za ta fita cikin kwana goma zuwa mako biyu, da mai cikakken aiki da za ta riƙe jarinki wata biyu. Babbar hula tana da riba, amma mai sayenta sai ya san hannunki, kuma ba a san ki ba tukuna.

Mataki na uku: sayen kaya

Abin da kike bukata bai da yawa: farin yadi mai ƙarfi, zare, allurai, ƙaramin almakashi mai tsini, tef na awo da littafi. A Kano, yadi yana Kantin Kwari, zare kuma a Ƙofar Wambai ko Kurmi. A kan zaren ne ake yin asara, don haka a nan za ki natsu.

Ki sayi zaren da zai gama hular gaba ɗaya a lokaci guda, har da ɗan ƙari. In zare ya yanke miki a tsakiya kika koma kasuwa, da wuya ki sami kalar daidai. A ɗaki ba za ki ga bambancin ba, sai mai hular ya fita rana ranar Juma'a. Zare mai suna irin su Anchor yana da lambar kala a jikin takardarsa. Ki rubuta lambar a littafinki kafin ki yar da takardar.

Kafin ki soka allura, ki gwada ko zaren yana zuba. Ki yanki kamar taƙi ɗaya daga kowace kala, ki jiƙa da ruwan sabulu, ki murza a jikin farin ƙyalle, ki bar shi ya bushe a kai. Ja, baƙi da shuɗi mai duhu su suka fi cin amana. Zaren da ya bar alama a ƙyalle zai ɓata farin da ke kusa da shi a wankin farko, aikin mako uku ya tashi a banza. Shi ma yadin ki wanke shi ki goge kafin a yi zane, don in zai shige ya shige tun yanzu.

Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, aka kuma saki darajar naira a watan da ya biyo, farashin zaren waje bai zauna wuri ɗaya ba. Saboda haka duk sayayyar da kika yi, ki rubuta kuɗinta da ranarta.

Mataki na huɗu: awo da zane

Awon hula da inci ake yi, kuma galibin manyan maza tsakanin 22 da 23 suke, sai ɗaiɗaiku da ke sauka 21 ko su haura 24. In ta sayarwa za ki yi ba ta oda ba, ki tsaya a 22 da 22 da rabi, su suka fi saurin fita. In ta oda ce, kada ki yarda da "kaina matsakaici ne". A zagaya tef ta tsakiyar goshi, ta saman kunnuwa, a haɗe a ƙeya. In mai oda yana nesa, ya auna cikin tsohuwar hular da ke yi masa daidai, ya turo miki hoton tef ɗin a jikinta. Ki tambayi tsayi ma, domin dattijai da masu sarauta sun fi son doguwa, samari kuma sun fi karkata ga gajeriya.

Cikakken ɗinki yana tsuke yadi. Hular da aka yanka daidai da awo, in aka cike ta da zare sai ta fito ƙarama. Nawa za ki bari ya dogara da nauyin hannunki, don haka ki auna jikin hular kafin ki fara, ki sake aunawa bayan kin gama, ki rubuta bambancin. Bayan hula biyu ko uku za ki san taki ƙa'idar, kuma ba za ta zama daidai da ta maƙwabciyarki ba.

Mai zane kuwa, a farko ki biya gwani. Zane in ya karkace, duk kyan ɗinkinki a karkace zai fito, musamman a wurin da bakin zane biyu ke haɗuwa a baya. Ki naɗe yadin ki haɗa bakin biyu a gabansa, ki ga ko furen ya haɗu. Ki roƙe shi kada ya danna biro da ƙarfi a wuraren da farin zare zai hau. A hankali kuma ki fara koyon zanen da kanki, ki riƙa kwafar wanda kika biya a takarda mai ƙananan gidaje irin ta lissafi. Ranar da kika iya zana naki, kin rage kashe kuɗi, kuma kin sami abin da babu shi a shagon kowa.

Mataki na biyar: ɗinki, haɗi da wanki

Ba sai an koya miki ɗinki ba, amma ɗinkin hular kanki ya bambanta da na ƙwadago ta wuri guda: yanzu ke za a dawo wa da ita. Wanda ya san hula ba ya tsayawa kallon fuska. Juya ta yake yi ya duba ciki, ya ga ƙulle-ƙulle da zaren da aka bari yana reto, sannan ya ɗaga ta sama ya ga ko haske na ratsa inda bai kamata ba. Ki riƙa ɓoye bakin zare, kuma jan hannunki ya zama ɗaya daga farko har ƙarshe. Wurin da kika ɗinka cikin gajiya da dare yakan tattare, kuma guga ba ta gyara shi.

Ki wanke hannu duk lokacin da kika baro murhu, don tabon manja ba ya fita daga farin zare. Sabon lalle da man shafawa ma haka. In kin ajiye aiki, ki naɗe shi a tsohuwar rigar filo mai tsabta, ba a leda ba, musamman da damina, kuma ki ɗora inda yara ba sa kaiwa. Ki fi yin ɗinkin da safe da la'asar a inuwa mai haske. In dole sai da dare, fitila mai caji ko ta sola ta fi tocilar waya nesa ba kusa ba. Wadda ta haura arba'in ta ga ramin allura ya fara yi mata gizo, ta je a auna idonta a ba ta tabarau, ba abin kunya ba ne.

Haɗi da wanki ki bar wa masu yi. Mai wanki yana da icen da aka sassaƙa daidai da kowane awo, wanda yake ɗora hular a kai bayan ya sa mata sitaci ta bushe ta tsaya. Ki gaya masa awon da bakinki, ki kuma maƙala shi a takarda, domin in ya ɗora 22 a icen 23, ya buɗe miki ita ke nan. Ki fara gwada shi da hula ɗaya kafin ki ba shi biyar.

Mataki na shida: yanke farashi

A nan mata da yawa ke faɗuwa, kuma ba rashin gwaninta ke kayar da su ba. Sai mace ta lissafa yadi da zare, ta ɗora 'yan kuɗi a kai, ta ce ta ci riba, alhali ba ta saka ladan zamanta na mako biyu ba. Wannan ba riba ba ce, aikin kyauta ne ta yi wa mai saye.

Ga yadda za ki lissafa. Alƙaluman nan na misali ne, ki sa na kasuwarku a madadinsu. A ce yadi da zare sun ci ₦4,000, zane ₦700, haɗi ₦800, wanki ₦700, kuɗin mota da data da abin naɗi ₦800. Ya kama ₦7,000. Sai ki ɗora kuɗin aikinki, wanda bai kamata ya gaza abin da ake biyanki a ƙwadagon irin wannan hular ba. A ce ₦6,000 ne, an kai ₦13,000. Har yanzu ba ki ci ko sisi ba, kin dai mayar da kuɗinki kin biya kanki. Sai ki ƙara riba, a ce kashi 20 cikin 100, wato ₦2,600. Kuɗin hular ya zama ₦15,600, kuma shi ne ƙasan da ba za ki sauka ba. Tunda mutanenmu ba sa saye sai sun taya, ki fara faɗar abin da ya ɗara haka kaɗan.

Abu biyu za ki kiyaye. Na ɗaya, ki lissafa zare da farashin da za ki sake sayensa yau, ba wanda kika saya wata uku da suka wuce ba, in ba haka ba sai ki sayar da hula ki kasa sayen kayan wata. Na biyu, in lissafinki ya fi abin da ake sayar da irinta a kasuwa, kada ki zaftare kuɗin aikinki don ki daidaita. Ko dai ki sauya zuwa zanen da bai cin lokaci haka, ko ki nemi masu saye da suka san bambancin hannu da inji. Ba za ki taɓa yin gasar araha da inji ki ci ba.

Mataki na bakwai: neman masu saye

Masu sayen farko suna kusa: miji, 'yan'uwa, surukai, abokan aikinsu. Hular da yayanki ya sa ya je ɗaurin aure ta fi kowace talla. Sai dai dangi su ne gwanayen "zan turo miki", don haka tun ranar farko ki ce cikin raha, kuɗin zare ne, ba a ba ni bashinsa.

Wanda aka fi mantawa da shi shi ne tela mai ɗinkin maza. Shi ke fara ganin shaddar mutum kafin kowa, kuma duk wanda ya ɗinka sababbin kaya hula zai nema. Ki ajiye hula biyu a shagonsa ta hannun ƙaninki, ku yanke la'adarsa a kan kowace ɗaya tun kafin a sayar. Haka za ki yi da dillaliya in ita za ta shiga miki gidaje. Matan aure masu yi wa maigida sayayyar Sallah, da amare masu haɗa wa ango kaya, kasuwa ce da mai shago ba ya iya shiga, ke kuwa kina cikinta. Ankon abokan ango ma yana da tsoka, amma kada ki karɓi hula goma alhali hannunki biyu ne.

A waya, WhatsApp Business ya isa a farko, yana da wurin jera kaya da farashinsu. Kowace hula ki yi mata hoto uku, gefe, sama da ciki, a hasken safe, a kan farin zane marar ado. Ki rubuta awo da kuɗi a ƙasa, don ki huta da amsa "nawa?" sau ɗari. Waya tana sauya kala, saboda haka wanda ke son hular da za ta shiga da kayansa ya aiko da ƙyallen yadin, kada ki dogara da hoto.

Oda ba ta tabbata sai da kafin alƙalami, aƙalla abin da zai sayi kayan aikin, in so samu ne rabin kuɗi. Ki rubuta masa awo, kaloli, kuɗi da ranar karɓa a saƙo, ya amsa da "na yarda". Ranar da za ki faɗa, ki ƙara mako guda a kan wadda kike zato, saboda yaro na iya kwana da zazzaɓi, ana iya yin rasuwa a unguwa. Kada hula ta bar gidanki saboda hoton rasit ko saƙon alat, ana yin na bogi. Ki buɗe asusunki ki ga kuɗin da idonki. In ta tasha za ki aika, a sa ta a kwali don kada a danne ta, a karɓi lambar direba da ta mota a tura wa mai kaya, kuma a san wanda zai biya kuɗin aike tun kafin a kai.

Mataki na takwas: bi watan Musulunci

Kasuwar hula da Sallah take tafiya, kuma Sallah tana matsowa da kusan kwana 11 kowace shekara, don haka da watan sama za ki yi lissafi. Hulunan ƙaramar Sallah a Rajab ake fara su. Wadda ta jira Azumi ta makara, domin a watan ne aikin kicin ke ninkuwa, ga masu zane da masu wanki sun cika. In Azumi ya kai goma, ki rufe karɓar sabuwar oda, komai magiyar da za a yi miki. Tsakanin Sallah da Sallah wata biyu ne da kwana goma, wanda ke nufin kina gama hutun ƙarama za ki kama aikin babba. Bayan Babbar Sallah kasuwa takan lafa, lokacin ne na koyon zane da tara hulunan ajiya.

Mataki na tara: kuɗin hula daban, na cefane daban

Ki buɗe asusu na sana'ar kaɗai, ko a banki ko a irin su OPay da Moniepoint, za a nemi BVN ko NIN ɗinki. Kuɗin aikinki ki cire ki yi hidimarki da shi, haƙƙinki ne. Jari da riba su zauna. A shari'a dukiyar mace tata ce, amma a zaman gida dole wata rana a ce "ara mini, gobe zan mayar". Ki ara in kina so, ki rubuta. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka, don haka babu wanda zai ce kin yi rashin kunya.

Rance kuwa, a ganina bai dace da mai farawa ba. Matsalarki a shekarar farko ba ƙarancin zare ba ce, ƙarancin lokaci da masu saye ne, kuma bashi ba ya ƙara ko ɗaya. In oda ta fi ƙarfin jarinki, akwai bankunan da ba sa mu'amala da ruwa, irin su Jaiz da TAJ, ki je ki ji sharuɗɗansu da kanki. Rajistar suna a CAC, hukumar rajistar kamfanoni, da ta SMEDAN, hukumar ƙanana da matsakaitan sana'o'i, za su yi amfani ranar da kike son asusu da sunan sana'a, ko rumfa a baje kolin Kano ko na Kaduna. Wanda duk ya ce ki biya shi ya sa sunanki a jerin masu samun tallafi, ki riƙe kuɗinki.

Mataki na goma: ƙara hannu da ƙara kaya

Mace ɗaya ba za ta wuce hula biyu ko uku a wata ba, komai saurinta. Sana'ar ba ta girma sai kin fara ba wasu aiki. Ki fara da mutum ɗaya wadda kika ga ɗinkinta, ki ba ta hular da kika gama ta zama abin koyi, ki ƙirga zaren da kika ba ta a gabanta, ku yanke kuɗi da rana. In ta kawo, ki duba ciki da waje a nan take, ki biya ta a ranar, ko da ba a sayi hular ba tukuna. Kin san zafin "sai an sayar". Ki kuma ɗara abin da dillalai ke biya ko da kaɗan ne, shi zai sa gwanaye su zauna tare da ke lokacin Sallah, sa'ad da kowa ke neman su.

Allurar kuma ba hula kaɗai ta iya ba. A birnin Zariya, ɗinkin babbar riga a da aikin maza ne, daga baya mata suka shige shi sosai daga cikin gidajensu. A 1994 wasu daga cikinsu suka haɗu a ƙungiyar Queen Amina Embroiderers, suka ɗauki zanen da aka sani a gaban riga, irin su aska takwas, suka mayar da shi kan jakunkuna, rigunan filo da mayafin tebur, har kayansu suka kai kasuwannin Amurka. Ƙananan kaya irin waɗannan suna fita cikin kwana biyu ko uku, suna cinye ragowar zaren da ke taruwa miki, kuma mata ne ke sayensu, waɗanda kike haɗuwa da su a biki da Islamiyya. In za ki gwada, ki yi guda uku kacal, jakar waya ko rigar filo, ki yi musu lissafin farashi irin na hula har da kuɗin aikinki, ki ba su wata guda. In sun fita ki ƙara shida, in ba su fita ba ki sauya kala ko girma sau ɗaya kafin ki haƙura da su.